Gyaran Garka Da Kaka: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ruwan sama ya ɗauke. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, mata suna ta roron wake, kowane magidanci kuma ya san abin da ya shiga rumbunsa, ko da yawa ko kaɗan. Da asuba iska ta fara juyowa daga gabas, raɓa tana raguwa, ciyawar bakin hanya ta soma bushewa. Wannan shi ne lokacin kaka. A ƙauyuka da dama shi ne lokacin da manomi yake rataye hauyarsa, samari kuma su ɗaure kayansu su nufi cin rani. Amma ga wanda Allah ya ba garka, ko a fadama, ko a bakin gulbi, ko a gindin madatsar ruwa, yanzu ne nomansa na biyu yake kamawa.

Ƴan'uwa manoma, tsakanin ruwan ƙarshe da shigar ɗari akwai kamar mako 6 ko 7 kawai. Abin da mai garka ya yi cikin waɗannan makonni shi ne zai gani a kasuwa da bazara, abin da ya bari kuma ba ya ramuwa sai baɗi. Za mu ɗauki misali da manyan garake na kwarin Magiya, cikin jahar Tawa, daga wajen Buza har Galmi da Ƙwanni, inda albasa ta zama dukiyar jama'a. Amma maganar ta shafi mai garka a Gulbin Maraɗi, da na Korama wajen Matamai da Magarya, da na Mirya, da na bakin kogin Yamai.

Dalilin gaggawa

Kayan garka da muke nomawa da rani, wato albasa, tumatir, shu, salati, karoti da dankalin turawa, duka sanyi suke so. Sanyin ƙasarmu kuwa gajere ne: yana shiga wajen ƙarshen watan Nuwamba, ya fita cikin Fabrairu. Daga Maris zafi ya fara, cikin Afrilu kuma ma'aunin zafi yakan wuce 40 da rana.

To, bari mu yi lissafi. Albasar Galmi tana yin kamar kwana 45 a wurin reno, sannan ta yi wajen wata 4 bayan dashe. Wanda ya zuba irinsa tsakiyar Oktoba zai yi dashe farkon Disamba, albasarsa ta yi girmanta cikin sanyi, ya cire ta ƙarshen Maris. Wanda ya yi sanyin jiki har ƙarshen Disamba kuwa, sai tsakiyar Fabrairu zai yi dashe. Albasarsa za ta zo yin kai daidai lokacin da rana ta fi ƙuna, rijiya ta ja baya, ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ganyen albasa kuma sun yi yawa. Zai kashe kuɗin mai fiye da na maƙwabcinsa, ya samu ƙananan kawuna. Tumatir ma haka yake: in zafi ya yi tsanani furensa zubewa yake yi, ba ya ɗaure ɗiya.

Dattawa ba su manta da shekara ta 1984 ba, lokacin da damana ta ƙi, rumbuna suka tashi wayam. A wannan shekara ce gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su rungumi noman rani, aka gina rijiyoyi, aka raba iri a wurare da dama. Aikin garka ya girmi wannan kira nesa ba kusa ba, amma tun daga lokacin kowa ya gane cewa garka rumbu ce ta biyu. Gidan da yake da ita yana da cimaka da ɗan kuɗin kashewa a watannin da wasu suke cin bashi ko suke sayar da bisashensu.

Shinge ne farko

Kafin a taɓa ƙasa, a zaga shinge. Ruwan damana da gara sun ci wani wuri, iska ta kwantar da wani. Nan gaba kaɗan mahukunta za su sanar da ranar sakin gonaki, garkunan shanu da tumaki su sauko daga arewa su shiga cin kara, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. A lokacin nan duk faɗin karkara babu wani wuri mai ɗanyen ganye sai garka. Akuya ɗaya ta isa ta cinye renon wata guda cikin dare ɗaya, daga nan kuma sai rigima, sai gaban maigari, wani lokaci har abin ya kai ga zubar da jini. Rigakafi ya fi magani.

Garka mai hekta ɗaya, wato metir 100 kowane gefe, tana da metir 400 na shinge. In da ƙaya da kara za a riƙa yin sa kowace shekara, itatuwan dajin ne za su ƙare. Saboda haka mai hangen nesa yakan kafa shinge mai rai: aguwa, ko bini-da-zugu, ko lalle, ko magarya da bagaruwa. Yanzu ne ake aske wanda ya yi tsawo domin ya yi kauri daga ƙasa, a toshe kafofi da rassan da aka sare. Kuma kada a tura shinge cikin burtali ko hanyar mashaya. Hanyar bisashe hakkin makiyayi ce, dokar ƙasa ta tsare ta.

Rijiya

Da kaka kowace rijiya cike take, wannan kuwa yakan ruɗi mutane. Mai garka ya ga ruwa kusa, sai ya buɗe fili mai yawa, ya dasa ko'ina. In Maris ta zo ruwan ya yi ƙasa, sai ya rasa wanda zai ba wa, ya rasa wanda zai hana, ƙarshe duka su lalace. Tambayar da ya kamata ya yi wa kansa ita ce: a ina ruwan rijiyar nan ya tsaya cikin Afrilun da ya wuce? Da wannan ruwa ake auna faɗin abin da za a shuka.

Ga ma'auni mai sauƙi. Kowane metir murabba'i na kayan garka yana shan wajen litir 6 a yini, ya fi haka in zafi ya shigo. Hekta ɗaya metir murabba'i 10.000 ce, wato litir 60.000 a yini, ko kuma tano 300 mai cin litir 200. Wanda rijiyarsa ba ta iya ba da wannan, gara ya noma rabin hekta ya ƙosar da ita.

Yanzu ne ake yashe rijiya, a fid da yashi da laka da ganyayen da damana ta zuba, a gyara bakinta, a sa mata murfi saboda yara. A bi magudanan ruwa a share su, a toshe ramukan ɓera. Mai injin ban ruwa ya canja masa mai, ya duba tiyo ko ya tsage, ya tayar da shi ya ji kukansa tun kafin ranar dashe. Akwai gargaɗi guda da ba za mu gaji da maimaitawa ba: kada mutum ya shiga rijiya alhali inji yana aiki a cikinta ko a bakinta. Hayaƙinsa yana taruwa a ƙasa, yana kashe mutum ba tare da ya ankara ba. Masu injin da ke aiki da hasken rana kuma su saba da goge farantansa, domin ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi.

Shara: abin ƙonawa da abin ajiyewa

Bayan damana garka takan cika da ciyawa, da karan masara ko dawa da aka shuka a ciki, da busassun ganyaye. Al'adar da yawa daga cikinmu ita ce a tara duka a cinna wuta. Aikin yakan yi sauri, fili ya yi fes, amma abincin ƙasa ne ya tashi cikin hayaƙi, toka kaɗan ta rage, iska kuma ta kwashe ta. Ban da haka, a wannan lokaci da ciyawa ta bushe ko'ina, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobarar daji, ta cinye makiyaya da dammunan da ba a kai gida ba.

Abin da ya fi shi ne a kasa sharar kashi uku. Kashi na farko, ciyawa mai taushi da ganyaye, su tafi ramin taki. Kashi na biyu, kara mai ƙwari, a ajiye shi domin darni, da rumfar reno, da shimfiɗawa a gindin itatuwa. Kashi na uku shi ne na wuta, kuma a ƙone shi a tsakiyar fili da aka share, da safe kafin iska ta tashi, mutum yana tsaye har wutar ta mutu.

Me ke shiga kashi na uku? Tsofaffin itatuwan tumatir, tattasai da yalo, musamman waɗanda in an tuge su aka ga saiwarsu ta yi ƙulu-ƙulu. Wannan alama ce ta wasu ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani, masu zama cikin ƙasa. Haka kuma duk tumatir da ganyensa ya yi farin tabo kamar an ƙona shi. Tsutsar da ke yin wannan daga Amurka ta Kudu ta fito, an fara ganinta a Sipaniya a shekara ta 2006, ta bazu har ta iso ƙasashenmu, kuma a shekara ta 2016 ta yi ɓarna mai yawa a gonakin tumatir na arewacin Nijeriya. Cikin tsofaffin itatuwa da ƙasar gindinsu take fakewa tana jiran sabon dashe. Ƙuduji da ya riga ya yi ɗiya shi ma wuta ce maganinsa. Aya-aya kuwa sai an tono ƙwayoyinta an shanya a rana, in ba haka ba kowace ƙwaya da ta rage za ta sake tsirowa. A tsince leda duka, domin tana hana ruwa shiga ƙasa, tana kuma kashe bisashen da suka haɗiye ta. Kwalbar maganin ƙwari da ta ƙare a huda ta, kada yaro ya ɗauka ya sha ruwa da ita.

Ramin taki

A gina rami a inuwa kusa da ruwa, zurfinsa kamar metir ɗaya. A zuba ciyawa da yankakken kara kaurin taƙi ɗaya, a bi da kashin bisashe, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har ramin ya cika, sannan a rufe da kara ko tsohuwar tabarma. Bayan ƴan kwanaki a soka sanda a ciki: in ta fito da zafi, aiki yana tafiya. A riƙa juya shi duk kwana 15 ana ƙara ruwa. Cikin wata 2 zuwa 3 zai zama baƙi, mai laushi, mai ƙamshin ƙasa.

Wato ramin da aka cika yau ba zai riski dashen Disamba ba, na gaba zai yi wa amfani. Abin da za a zuba yanzu shi ne takin da ya riga ya ruɓe tun damana, kilo 2 zuwa 3 a kowane metir murabba'i, a cuɗa shi da ƙasa lokacin kaftu. Ɗanyen kashi yana ƙona saiwa, yana kawo gara da irin ciyawa. Takin zamani yana da amfaninsa, amma ba ya maye gurbin na gida, domin na gida ne ke sa ƙasa ta riƙe ruwa. Mai niyyar ajiye albasarsa a rudu har ta yi tsada kuma ya yi hattara da farin takin nan da ake kira ure: in ya yi yawa albasa takan yi girma ta cika da ruwa, ta ruɓe tun ba ta daɗe a ajiye ba.

Iri da reno

Irin albasa ba ya jimre ajiya, in ya wuce shekara ƙarfinsa raguwa yake yi ƙwarai. Kafin a zuba, a ƙirga ƙwaya 100, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa ana yayyafa masa ruwa. Bayan kwana 10 a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsira. In ba su kai 70 ba, a ƙara yawan irin ko a nemi wani. Kilo 4 zuwa 5 na iri mai kyau ya isa dashen hekta ɗaya.

Fangalin reno kada faɗinsa ya wuce metir ɗaya, domin hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. A marmashe ƙasar sosai, a ja layuka da yatsa, a zuba iri ba da zurfi ba, a rufe da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa ciyawa busassa wadda ba ta da ɗiya. A ba da ruwa safe da maraice da buta mai ƙananan huda. Da an ga tsiro ya fito sai a janye ciyawar, in ba haka ba zai yi tsawo ya yi laushi. Kaka lokacin fara ce, saboda haka tsohon gidan sauro yana da amfani: a kafa shi bisa renon tumatir da shu, ya tsare su daga fara da ƙananan fararen ƙudajen da ke kawo cutar nannaɗewar ganye. Tumatir da shu suna isa dashe cikin wata guda, albasa kuwa sai ta kusa kaurin fensir. A makon ƙarshe a rage musu ruwa domin su yi ƙwari.

Dashe

Da maraice ake dashe, bayan an jiƙa wurin reno domin saiwa ta fito ba ta tsinke ba. Albasa ba ta son a binne ta da zurfi, a bar santimetir 10 zuwa 15 tsakanin wannan da waccan. Shu da tumatir suna son kamar rabin metir. Karoti ba a dasa shi, a wurinsa ake shuka shi. Dankalin turawa daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ya kamata ya shiga ƙasa. Salati kuwa a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan duk mako 2, kada ya nuna gaba ɗaya a rasa mai saye.

Babbar garka tana da wata fa'ida da ƙarama ba ta da ita, wato ana iya kasa ta gida-gida a riƙa juyawa. Tumatir, tattasai, yalo da dankalin turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, saboda haka kada ɗayansu ya gaji ɗan'uwansa a wuri guda. Inda tumatir ya zauna bara, bana a sa albasa ko shu ko masara.

Wanda yake son irin kansa, yanzu ne zai shiga rudu ya zaɓi kawunan da suka jimre damana ba su ruɓe ba, masu tauri, masu launin nan na albasar Galmi da ƴan kasuwar Abijan da Akara suka sani. Ya dasa su a gefe guda, za su yi fure cikin sanyi. Amma ya nisanta su da farar albasa mai fure, domin ƙudan zuma yana haɗa su, irin ya gurɓace.

Itatuwa da iska

Littattafan aikin garka da aka rubuta domin ƙasashen Turai suna cewa kaka ce lokacin dasa itatuwa. Gaskiya ne a can, inda ƙasa take kwana da laima duk tsawon sanyi. A nan kuwa wata 8 ne ke gabanmu babu ɗigon ruwa. Lokacin dashen icce a ƙasarmu shi ne tsakiyar damana, shi ya sa aka saba yin sa ranar 3 ga Agusta. Aikin kaka shi ne ceton waɗanda aka dasa: a yi wa kowane ɗan mangwaro da gwaiba da lemu kwano a gindi, a shimfiɗa ciyawa ba tare da ta taɓa jikin iccen ba saboda gara, a kewaye shi da ƙaya, a riƙa ba shi ruwa.

Manyan itatuwa a sare musu busassun rassa, a cire kauci tun bai yaɗu ba. Icce mai aure, duk reshen da ya fito ƙasa da wurin auren a yanke shi, domin in an bar shi zai rinjayi na sama. Babban mangwaro a ɗaga masa ruwa yanzu har ya yi fure. Zogale da ya yi tsawo a datse shi daidai ƙugu, zai yi rassa da yawa, ganyensa ya zo kusa da hannu. Gawo kuwa yanzu yake fitar da ganye, saɓanin sauran itatuwa, saboda haka kayan garka ba za su ji daɗin ƙarƙashinsa ba. A mai da inuwarsa wurin ramin taki da hutawar ma'aikata.

Hunturu yana busar da ƙasa, yana bugun ƙananan dashe da yashi. Mutanen Magiya sun san maganinsa: tun shekara ta 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan dogon yaro a cikin kwarin, layi biyu-biyu, da tazarar metir 100, domin karya ƙarfin iska. Mai garka ya yi koyi da wannan a gefen gabas da arewa. Kafin itatuwan su girma, darnin kara ya wadatar.

Ga ma'aikata da masu ilimi

Malaman gona da shugabannin ƙungiyoyin manoma su ma wannan lissafi ya shafe su. Iri ko taki ko bashin da ya iso ƙauye cikin Janairu ya zo bayan an tashi kasuwa. Taimakon noman rani cikin Satumba da Oktoba yake da amfani.

Sai maganar fili. Garake da yawa aro ne ko haya ko jingina, musamman na ƙungiyoyin mata. Sau da yawa sai an gina rijiya, an zuba taki, ƙasa ta gyaru, sannan mai fili ya ce yana son abinsa. Dokar tsarin karkara ta shekara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye domin irin wannan. A je gabansu a rubuta yarjejeniya, da shaidu, tun kafin a zuba iri.

Ku kuma da kuka yi yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai biya ku. Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta ranar zuba iri, da ranar dashe, da abin da aka shuka a kowane gefe, da litir nawa na mai aka saya, da inda ruwan rijiya ya tsaya kowane wata, da buhu nawa aka samu. Baɗi war haka littafin nan zai gaya muku abin da za ku ƙara da abin da za ku rage, ku kuma karanta wa maƙwabtanku da ba su samu shiga aji ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai garka ya tashi tun yau ya zaga shingensa, ya leƙa rijiyarsa, ya gwada irinsa. Allah ya ba mu rani mai albarka, ya kai mu damana lafiya.